Kan Ragon Gwaggon Dundaye

Ƙanena ya yi shekara huɗu a ƙasar waje yana karatun kwatanta addinai. Ya dawo mana da digirin dakta, da tabarau wanda ba na jin idonsa na buƙata, da kalma guda ta Ibrananci, wato harshen Yahudawan dauri. Ban ce kalma ɗaya kaɗai ya koyo ba, Allah ya tsare ni da ƙazafi, amma dai ita kaɗai muka taɓa ji daga bakinsa. Kalmar ita ce lehi. Kafin ya cika wata biyu da dawowa, kowa a gidanmu ya iya ta, har da waɗanda ba su gama haddace ƙulhuwallahu ba.

Lehi dai, in ji shi, kunci ne. Wani wuri kumatu, wani wuri muƙamuƙi, na mutum da na dabba duk ɗaya. Ya ce babi guda ya rubuta a kanta cikin kundinsa, ya bi tsohon littafin da Yahudu da Nasara suke karantawa ya tsinto duk inda ta fito. Ranar da ya fara yi mana bayani muna tsakar gidan Inna a unguwar Gidan Dahala bayan la'asar. Ya ƙi zama kan tabarma sai da aka fito masa da kujera. Ya ce a wurin mutanen can babu wulaƙancin da ya kai mari a kunci, har akwai wani mai faɗin gaskiya da aka mara a gaban sarki, akwai kuma wani bawan Allah da cuta ta kwantar yana kukan an mare shi. Ya ce akwai inda aka kwatanta birnin da aka ci da yaƙi da macen da hawaye ke kwance a kumatunta, akwai inda saurayi ke yabon kumatun budurwa. Sannan ga wani ƙaƙƙarfa da ya tsinci muƙamuƙin jaki ya karkashe abokan gaba da shi. Duk da wannan kalma guda, yana faɗi yana ɗaga yatsa sama.

Na ce masa, "To Dakta, mu nan Sakkwato ga ƙeya muka kuka? Shekara huɗu kay yi waje don ka gano ana mari ga kunci?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaya, wannan ilimi ne, ba hirar tsakar gida ba ce."

Haka ya koma magana tun da ya dawo, da "ne" da "ce" kamar mai karanta labarai a rediyo. Yaron da na goya yana ce mini "mi kac ce", yanzu harshen gidan ubansa ya zama abin kunya. Inna kuwa baki har kunne. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba, sai dai ta ce, "Allah shi ƙara ilimi. Ci tuwonka kahin shi huce." Tun rasuwar Baba duk abin da ɗan nan ya faɗa ya zauna a wurinta, ko da ya ce rana daga yamma take fitowa.

Da abin ya tsaya a surutu da ban tuna shi ba. Mutum ya sha wahalar karatu, a bar shi ya sauke wa danginsa. Amma sai matarsa ta haihu, ɗan fari, namiji, aka dawo da ita gidan Inna don wanka kamar yadda ake yi in iyayen mace suna nesa.

A gidanmu ragon suna rabonsa a rabe yake tun kafin a saye shi. Wuya na liman ne wanda ya yanka. Karfata, wato kafaɗa da hannunta, ta wanzami ce. Kai da ƙafafu na ungozoma. Ba a tambaya, ba a shawara, mahauci da kansa yake ware su gefe kafin ya taɓa sauran. Haka na tashi na gani, haka aka yi a sunan 'ya'yana biyar.

Ungozomarmu tsohuwa ce daga Dundaye. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma Gwaggo muke ce mata. Ita ta karɓi haihuwarmu duka, har da shi Daktan. Yanzu a asibiti ake haihuwa, mun yarda, shi ya fi, ita ma ba ta musu. Abin da ya rage mata shi ne aikin jego: wankan jariri, gashin cibiya, dafa ruwan mai jego, dama kunun kanwa, wanke tsummoki. Da sassafe take hawo kabu-kabu daga Dundaye, tana riƙe da rigar mai babur da hannu biyu, ta wuni tana aiki da bayan da ya riga ya ranƙwafa. Gidajen cikin gari da suke kiranta a da duk sun daina ɗaya bayan ɗaya. Namu ne ya rage.

Ranar suna kuwa ranarta ce. Za ta sa kan rago da ƙafafu cikin ƙaton kwanonta, ta rufe da faifai yadda ƙahon zai leƙo, ta sauka daga babur tun bakin titi ta taka da ƙafa har ƙofar gidanta, don matan unguwarsu su gani. Ta taɓa gaya mini da bakinta cewa muddin ana ganinta da wannan kwano, an san mutanen birni ba su yar da ita ba. Haƙoranta sun zube saura uku ko huɗu, naman kumatu kaɗai take iya ci don laushinsa, sauran ta raba wa maƙwabta. To wannan kai shi ne ƙanena ya ga ya tsone masa ido.

Ranar kwana huɗu da haihuwa ya tara mu a ɗakin Inna, ni da ita, ya rufe ƙofa. Gwaggo tana can bayan gida tana hura wuta. Ya ce akwai wani wurin da kalmar lehi ta fito wanda bai gaya mana ba. A dokar Yahudawa, in mutum ya yi yanka, dole ya ba malamin ɗakin ibadarsu abu uku: kafaɗa, da kumatu biyu, da tumbi. Ya ce tun da ya karanta wurin gabansa ya faɗi, domin ya gane daga inda al'adar gidanmu ta samo asali. Ware kan dabba a ce rabon wani ne, wannan gadon Yahudu ne da ya shigo mana ba mu sani ba, kuma shi ba za a yi shi a sunan ɗansa ba.

Na yi dariya har na riƙe ciki, don na ɗauka wasa yake. Da na ga ya sha mur sai na gyara zama. Na ce Gwaggo dai ba malamar ɗakin ibada ba ce, tsohuwa ce mai wanke kashin jarirai. Na ce kakanninmu da suka fara ba ungozoma kai ba su taɓa ganin Bayahude ba ko a mafarki, sun dai ga cewa wadda ta sha hayaƙi kwana bakwai ta cancanci wani abu. Na ce kowace dabba kai gare ta, kuma ko'ina a duniya wani ne zai ci shi.

Sannan na tambaye shi, "Ba kafaɗa ta ah hwarko cikin lissahinka ba? To wanzami hwa? Shi ma hana mai za ka yi?"

Ya cire tabarau ya goge, ya ce batun wanzami daban ne, shi ladan aikinsa ake ba shi. Na gane nan take. Wanzaminmu mutum ne mai baki, wanda in ka taɓa shi kafin azahar duk majalisun unguwa sun ji. Liman kuma ba a ma kawo zancensa ba. Cikin mutum uku masu rabo, ilimin ƙanena ya zagaye maza biyu ya sauka a kan tsohuwar da ba ta da gata. Wannan shi ne jarumtar da aka je ƙasar waje aka koyo.

Na juya wajen Inna. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ta ce, "Ragonai na. Shi as san abin da yak karanta." Shi kuma ya ce zai sallami Gwaggo da turmin atamfa da sabulu, abin da ya fi kan rago daraja nesa ba kusa ba. Na ce masa ba daraja ake magana ba. Ya ce to me ake magana? Na tashi na fita ina huci, na rantse ranar suna da hannuna zan ɗauki kan nan in sa a kwanon Gwaggo, in ga wanda zai hana ni.

Kwana uku ina wannan cika baki. Na gaya wa maigidana, na gaya wa ƙawayena a makarantar da nake koyarwa, kowa ya ce ai ke ce maganinsa. Gwaggo kaɗai ban gaya wa ba, na ce me zai sa in tayar mata da hankali a kan abin da ba zai faru ba. Kullum in ta zo sai ta biya wajen ragon da ke ɗaure a gindin darbejiya, fari ne mai baƙin tabo a ido ɗaya, ta zuba masa dusa tana yi masa tsiya, wai ya ci ya yi kumatu.

Ranar suna gida ya cika tun hantsi. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, liman ya yanka rago. Mahauci ya feɗe a tsakar gida, ya ware wuya gefe, ya ware karfata, ya ware kai da ƙafafu kamar yadda hannunsa ya saba. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar ɗakin mai jego cikin zanenta na fita, kwanonta a wanke kusa da ƙafarta. Sai ga Dakta ya shigo da babbar riga tana jan ƙasa, bayansa abokan aikinsa uku da suka shigo gaida Inna. Ya nuna kan da yatsa ya ce wa masu girki a babbake shi a yi farfesu, na baƙinsa ne.

Ina tsaye taku biyar daga wurin, da faranti a hannuna. Dangin matarsa da suka zo daga nesa suna zaune a rumfa suna kallo. Baƙin maza suna tsaye. Na buɗe baki, sai na ji wata murya a raina tana cewa yanzu in na yi magana za a ce yayar miji ta tayar da rigima ranar suna a gaban surukai. Na ce bari baƙin su fita tukuna. Kafin su gama gaisawa da Inna an ɗauke kan, na ji ƙaurin gashi yana tashi daga murhu. Ni da na yi kwana uku ina wasa baki, ko tari ban yi ba.

Gwaggo ta bi kan da ido har ya shige madafa. Da azahar Dakta ya aiko mata da atamfa da sabulu cikin leda, bai ko iya zuwa da kansa ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah shi raya, Allah shi yi albarka." Ta shiga ta yi wa jariri wankan yamma tun lokaci bai yi ba, ta gasa masa cibiya, ta sa ledar cikin kwanon ta rufe da faifai, ta fita ta ƙofar baya. Mai jego tana kuka a ɗaki, amma amaryar shekara ɗaya me za ta ce a gidan surukai?

Da la'asar na wuce ta ƙofar zaure na hango Dakta da baƙinsa sun kewaye kwanon farfesu. Ƙanena ya naɗe hannun riga, ya ɓantaro naman kumatu, yana taunawa yana yi wa abokansa bayanin lehi da maiƙo a leɓe. Ashe haramcin bai hana ci ba, bayarwa kaɗai ya hana. A ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba, tsanar da ban san ana iya yi wa wanda aka sha nono ɗaya da shi ba.

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Na tashi da niyyar gyara abin da ya ɓaci. Na tafi wajen mahauta na zaɓi kan rago mafi girma da na gani, da ƙafafu huɗu, na sa a kwano na tari keke mai ƙafa uku zuwa Dundaye. Duk hanya ina jera abin da zan faɗa. Maganar da ta maƙale mini jiya a gaban surukai ta taru ta cika mini ciki, kuma ina jin daɗin kaina, ina cewa ga 'yar halak za ta share wa tsohuwa hawaye.

Na tarar da ita a tsakar gidanta a inuwar zana, da mata huɗu ko biyar na maƙwabta, suna ɓarar gyaɗa suna hira. Na yi sallama, na dire kwanon a gabanta, na buɗe faifai. Ko gaisuwa ban bari an gama ba na fara. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri da abin da wancan marar kunya ya yi miki jiya. Na ce ya hana ki kanki a gaban jama'a don wani karatun banza da ya kwaso, ya zauna ya cinye da abokansa. Na kwaikwayi muryarsa, na kwaikwayi yadda yake ɗaga yatsa, na kawo labarin Yahudu da kumatu da tumbi. Muryata ta malamar aji ce, ana jin ta har bayan katanga. Ina jiran a yi dariya a taya ni zaginsa.

Babu wadda ta yi dariya. Hannuwa duk sun tsaya a cikin gyaɗa. Sai wata mai matsakaicin shekaru da ke zaune a kan turmi ta dubi Gwaggo ta ce, "A'a, Gwaggo, ba ke kinka ce muna an ba ki ba? Kinka ce kin biya Wamakko kin bar ma ɗiyarki shi don tana hwama da ciki?"

Sai a lokacin na gane. Jiya tsohuwar nan ta shigo unguwa da kwano babu ƙaho, aka tambaye ta, ta ƙirƙiro abin da zai rufa mata asiri, ya rufa mana mu ma. Matan sun yarda, ko sun yi kamar sun yarda, magana ta mutu. Ni kuma na ɗauko keke tun daga Gidan Dahala na zo na tone ta a gaban waɗanda za ta ci gaba da zama da su har ƙarshen ranta.

Gwaggo ba ta dubi matar ba, ba ta dube ni ba. Kan ragon take kallo, jan rago na kasuwa wanda ba ta taɓa zuba wa dusa ba. Ta sa bakin zane ta goge leɓenta. Sannan ta ja faifan ta rufe kwanon a hankali, ta tura shi gabana da yatsu biyu.

Ta ce, "Ɗiyata, ba yunwa nika ji ba. Ɗauki abinki."

Na ce Gwaggo don Allah. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Ki gaishe da Inna. Ki ce mata cibiyar yaro ta kusa warkewa, a ci gaba da gashi sahe da marece. Ta samu wata ta ƙarasa."

Na ɗauki kwanon na fito ta tsakiyar matan nan, babu wadda ta ce mini sauka lafiya. A bakin titi na tsaya cikin rana da kan rago a hannu, ƙudaje suna bina, na daɗe kafin in samu abin hawa.

Inna ta aika mata sau biyu, ni na koma sau uku. Kowane zuwa za ta karɓe ni da fara'a, ta ba ni ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, in na kawo zancen dawowa ta ce ƙafa ta ƙi. Ba ta sake taka gidanmu ba, kuma babu wani gida a birni da ya sake kiranta. Ƙanena har yau bai san ya yi wani abu ba, ya ma ce a wani taro ya kawo misalin gidanmu an tafa masa. Nakan raina shi duk lokacin da na ga ya gyara tabarau zai fara bayani, kuma ban fasa ba. Amma shi a gaban baƙi ya kunyata ta, mutanen da ba za ta sake gani ba. Ni ce na bi ta har gida.